Galan ɗin da na hana a cika

Kwana talatin da bakwai na yi ina shiga ɗakin Inna safe da yamma ina gaishe ta, ban faɗa mata abin da ya sa injin ƙanena ya tsaya a tsakiyar ruwa ba. Abin da ta sani shi ne iska ce ta kife jirginsa. Haka aka gaya wa kowa, kuma ba ƙarya aka yi ba. Amma akwai abin da ya riga iskar, da hannuna a ciki. Ina tsoron in na faɗa, ta rasa ɗa na biyu ina zaune a gabanta.

Mu mutanen Gwammaja ne. Mahaifinmu ɗinkin hula yake yi har ya rasu. Ruwan da muka sani muna yara bai wuce na rijiya da kududdufin bayan unguwa ba, shi ma in aka gan ka a bakinsa sai ka sha bulala. Ni na bar makaranta a aji uku na sakandare na koyi gyaran inji. Ina da 'yar rumfa a bakin titi, ina gyaran janareto da injin ban ruwa. Ƙanena na girme shi da shekara tara. Ya taɓa ɗinki, ya taɓa tuƙin adaidaita, babu inda ya daɗe. Wata rana wani manomi ya kawo mini injin ban ruwa daga wani ƙauye da ke bakin babban dam, tafiyar awa biyu da ɗoriya daga birni. Na gyara, na ce ƙanena ya bi shi ya haɗa masa. Aikin kwana ɗaya ne. Sai da ya yi mako biyu ya dawo, fuskarsa ta yi baƙi, ba ya maganar komai sai jirgi.

Akwai wani dattijo a wurin mai jiragen katako biyu, kowa Baba yake ce masa. Ɗaya daga cikin jiragen ba shi da inji. Baba ya ce in yaron nan ya samo inji, ya ba shi jirgin su yi aiki tare. Ni na nemo injin, tsoho ne, na kwance shi gaba ɗaya a rumfata, na yi ta zarya kasuwar Ƙofar Ruwa neman kayansa har ya tashi. Inna ba ta so ba. Ta ce duk faɗin ƙasar nan bai ga wurin neman abinci ba sai inda ba a iya tsayawa da ƙafa. Ya yi ta ba ta dariya har ta haƙura, da sharaɗin kullum ya kira ta ji muryarsa.

Shekara biyu ya yi yana ƙetarar da manoma da kayansu, albasa da masara da shinkafa, wani lokaci har da awaki da babur. A nan ne na fara ganin ya zauna wuri ɗaya.

Sai man fetur ya tashi. Kowa a garin nan ya san shekarar, ba sai na faɗa ba. Janareto suka ragu a rumfata don mutane sun daina kunnawa. Ƙanena ya zo gida ya ce aikin ya daina ciyar da mai yin sa, mai ne yake cinye komai, manoma kuma ba za su iya ƙarin kuɗin jirgi ba. Ya ce yana tunanin dawowa. Ni kuwa ban so ya dawo ya koma zaman ƙofar gida ba. Na tambaye shi lita nawa yake sha a ƙetare ɗaya. Ya ce bai sani ba, in tanki ya yi sauƙi a hannu sai a ƙara. Raina ya ɓaci. Na ce inji inji ne, ko a tudu ko a ruwa, kuma wanda bai san abin da injinsa yake sha ba, ba zai san inda ake cutarsa ba.

Na rufe rumfa kwana uku na bi shi. Lokacin bazara ne, ruwan ya ja baya, ya kwanta lumui ko motsi ba ya yi. Wannan ne karo na farko da na shiga jirgi, na riƙe katako da hannu biyu har muka isa. Masu jirage suna ta dariya, suna cewa a kawo wa Injiniya kujera mai bel.

Abin da na yi ba wani abu ne mai wuya ba. Na samo sanda miƙaƙƙiya na fere ta. Na juye tankin tas, na riƙa zuba mai da gorar lita ɗaya, duk zubi in tsoma sandar in yi mata tsaga da wuƙa a inda man ya tsaya. Muka ƙetare sau shida, kafin mu tashi in tsoma, in mun isa in tsoma. Na ga tiyon mai yana ɗiga a wajen mahaɗa, na yanke na ɗaure. Na wanke kafireto, na canja fulogi. Na sa aka jawo jirgin kan tudu muka kankare gansakukar da ta yi masa kauri a ƙasa. Na nuna masa cewa in ya murɗa wuta har ƙarshe, minti kaɗan yake ragewa a tafiya amma tsaga guda yake ƙonawa a banza. Muka gwada jera buhu a tsakiya maimakon tara su a baya. Kafin in bar wurin, ƙetaren da yake cin tsaga biyar ya dawo uku da rabi.

Wannan duk gaskiya ne, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Masu dariya suka daina. Mutum shida suka kawo tankunansu na yi musu sanda. Daga ranar suka koma ce mini Malam mai sanda. Baba kaɗai bai kawo nasa ba. Ya karɓi ta ƙanena ya jujjuya, ya ce aiki ya yi kyau, sai dai na auna ruwan yana barci. Na ɗauka yabo ne irin na tsofaffi.

Na dawo birni muka yi ƙa'ida. Kullum bayan magariba in ya gaisa da Inna, sai ta miƙo mini wayar in tambaye shi ƙetare nawa ya yi, tsaga nawa ta tafi. Ina rubutawa da alli a bangon rumfa washegari. Wata biyu abin yana tafiya daidai, sai dai duk mako akwai kamar lita huɗu da ba na ganin inda suka shiga. Na yi zaton wani yoyon ne. Na yi zaton ana zuƙe masa. Har na fara zargin ko shi yake sayarwa, Allah ya yafe mini.

Da ya zo babbar salla na tsare shi a zaure. Ya yi dariya ya ce ai wannan ɗan rakiya ne. Na ce wane ne kuma ɗan rakiya. Sai ya yi mini bayani. Kowane jirgi yana da ƙaramin galan a ƙarƙashin katakon zama, a cike, an riga an gauraya shi da baƙin mai. Ba a lissafa shi cikin man tafiya. In manka ya ƙare a ruwa ka zuba. In ka ga wani ya ɗaga galan sama yana kaɗawa, ka karkata ka miƙa masa naka, ba a tambaya, ba a biya. Ka isa gaɓa ka sake cikawa. Ya ce tun da mai ya yi tsada mutane suna fita da ɗan man da ba lallai ya kai su ba, shi ya sa nasa ba ya kwana uku bai tafi ba.

Na ce wato duk wahalar da muka sha ta kankare jirgi, wasu muke tara wa. Ya ce ba haka ba ne, shi ma an taɓa ba shi. Na ce sau nawa. Ya ce sau ɗaya, tun farkon zuwansa. Na ce yanzu da yake da sanda ya san abin da zai sha kafin ya tashi, me zai yi da galan? Ya ƙara tsaga ɗaya a kan lissafi, ta ishe shi. Na kawo masa misali da adaidaita, na ce ya taɓa ganin mai adaidaita yana yawo da galan don ya raba wa 'yan'uwansa?

Ya ce, "Yaya, mai adaidaita in mai ya ƙare masa turawa yake yi gefen titi. Ruwa ba shi da gefen titi."

Na ce ya daina yi mini wasa ina magana.

Ya ce ba wasa yake ba, kuma in ya daina cikawa Baba zai ji kunyarsa. A nan ne na faɗi maganar da ban taɓa faɗa masa ba. Na ce jirgi na Baba ne, amma inji nawa ne, in ba zai bi tsarina ba ya kwance mini abina. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ya ce to, Yaya. Daga nan muka shiga ciki muka ci naman salla, Inna tana ta zuba masa, tana cewa ruwa ya tsotse shi.

Bayan wannan lissafina ya daidaita, babu abin da yake ɓata. Na ji daɗi har na gaya wa maƙwabcin rumfata.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, tsakiyar damina. A birni ma hadari ya haɗo da la'asar, muna ta janye injuna cikin rumfa. Magariba ta wuce bai kira ba. Inna ta ce in kira, wayar ba ta shiga. Na ce mata ruwan sama ne ya taɓa layi. Kafin isha'i Baba ya kira ni da wayar wani, ya ce in taho da asuba, kada in taho ni kaɗai. Na tambaye shi an gan shi. Ya ce ana nema.

Da hantsi muka isa ni da kawunmu, mun tarar an same shi. Yana kwance a ƙarƙashin wata bishiya an rufe shi da zane. Ba zan yi bayanin wannan ba.

Kafin mu ɗauko shi Baba ya ja ni gefe, can bayan jiragen. Akwai wani mutum zaune a ƙasa, manomi ne, shi kaɗai ne fasinjan ranar, da buhunan masararsa. Baba ya ce masa ya faɗa mini yadda ya faɗa masa. Mutumin ya ce sun taso iska tana gabansu, ruwa ya cika ya yi ƙarfi, injin yana ta kuka jirgin ba ya gaba. Suna hango gaɓa man ya ƙare. Ƙanena ya jawo galan daga ƙarƙashin katako, ya san babu komai a ciki, ya miƙe ya ɗaga shi yana kaɗa wa wani jirgi da ke wucewa. Mai wancan jirgin ya karkato, ya yi ihu ya ce shi ma ba shi da shi, na tankinsa ma da ƙyar zai kai shi, amma zai je ya kawo. Bai kai ga dawowa ba iskar ta sauko gaba ɗaya. Baba ya ce in inji yana aiki, mai jirgi yakan juya hancinsa ya fuskanci igiya. In babu inji, jirgi da kansa yake juyawa ya ba ta haƙarƙari. Manomin ya ce da suka ga za su kife, ƙanena ya tambaye shi ko ya iya ruwa, ya ce a'a. Sai ya ɗaure murfin galan ɗin tam ya tura masa a ƙirji, ya ce ya rungume kada ya saki. Galan ɗin ne ya riƙe manomin har aka zo.

Baba ya ce shi bai gaya wa kowa daga birni maganar mai ba, kuma ba zai gaya ba. Ya ce kwanan yaro ne ya ƙare. Bai dube ni ba da yake faɗa.

Muka kawo shi gida aka yi masa sutura bayan la'asar. Kwana uku muna zaune a ƙofar gida a kan tabarmi, mutane suna zuwa daga Dala, daga Sheshe, abokan mahaifinmu na kasuwa, har da waɗanda ban san ƙanena ya san su ba. Kowa ya ce ya haƙuri, in ce haƙuri sai ma'aiki. Babu wanda ya tambayi yadda aka yi, don ba a tambaya. Wasu ma yabona suke yi, suna cewa na riƙe yaron nan kamar uba, na saya masa inji, na tsaya masa. Ina amsawa da amin. Da na koma rumfa na ga allin yana nan a bango, layi layi. Na ɗebo ruwa zan wanke, na fasa, na jingina wani tsohon kwanon rufi na rufe shi.

Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta rame, ta rage magana. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ta koma kaina. In na shigo sai ta ce na ci abinci kuwa, in na yi tari sai ta aiko da jiƙo. Ta ce ni kaɗai na rage mata. Duk ranar da ta faɗi haka ba na iya cin tuwon.

Saura kwana uku a yi sadakar arba'in na shiga da hantsi, lokacin da ba na shiga. Tana zaune a bakin ƙofarta da faifai tana tsintar shinkafar sadaka. Na zauna a ƙasa nesa da tabarmarta. Ta ce lafiya ban fita ba. Na ce akwai maganar da nake riƙe da ita.

Na faɗa mata daga farko, sandar, da lita huɗun, da abin da na ce a zaure ranar salla. Ban rage ba, har maganar inji nawa ne. Hannunta bai tsaya ba sai da na zo kan jirgin da ya karkato. A nan ta ajiye faifan.

Ta ce, "Shi wancan ɗin, me ya sa ba shi da shi?"

Na ce yana cikin waɗanda na yi wa sanda. Da suka ga ƙanena ya daina cikawa kuma bai taɓa tsayawa ba, su ma suka daina.

Wata kaza ta zo tana tsattsagar shinkafar a faifai, ba ta kore ta ba, ni ma ban iya miƙa hannu ba.

Ta ce, "Ranar sallar nan ina jin ku daga tsakar gida. Na ɗauka maganar aure kake yi masa."

Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ba ta amsa wannan ba. Ta ce, "Har yanzu haka suke fita?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Kwana talatin da bakwai, ba ka sani ba. Su ba su da iyaye ne?"

Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki ta saki labule. Daga ciki ta ce kada in zauna a sadakar arba'in ɗin ɗanta sai na je na dawo.

Washegari na tafi. Ranar kasuwa ce, jiragen duk suna gaɓa. Na roƙi Baba ya tara mini masu su. Ban iya jawabi ba, na dai tsaya na ce ni ne na hana ƙanena cika galan, kuma awon da na yi musu na bazara ne, ba ya aiki in ruwa ya cika iska tana gaba. Na ce su riƙe sandar in suna so, tana da amfaninta, amma kada wanda ya sake tashi babu ɗan rakiya. Mutumin da ya karkato ranar yana tsaye a baya. Ya juya ya tafi wajen mai sayar da mai da galan a hannu. Uku suka bi shi. Biyu suka tsaya. Ɗaya daga cikinsu ya ce, Malam mai sanda, da ka zo ka ce a daina mun ji, yanzu ka zo ka ce a koma, kai za ka riƙa cika mana? Ya ce yana da 'ya'ya bakwai, kuma galan ɗin nan abincin kwana biyu ne. Na cika musu na ranar, na san ba zai wuce mako ba.

Injin an tsamo shi, yana jingine a ɗakin Baba. Ya ce in tafi da abina. Na ce ya bar shi a nan, duk wanda zai ɗora wa jirgin ya ɗora, in ya lalace a kira ni.

Na iso gida bayan la'asar, na wuce ɗakin Inna ko wanka ban yi ba. Na gaya mata yadda aka yi. Ta ce mutum nawa ne duka. Na ce shida. Ta ce nawa suka ji. Na ce huɗu. Ta ce saura biyu ke nan. Sannan ta ce a zubo mini abinci.

Na zauna a sadakar arba'in. Da aka shafa addu'a aka watse na sake shiga na durƙusa na roƙe ta gafara. Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na san bambancin wannan da abin da na roƙa, ita ma ta sani.

Yanzu damina biyu ke nan. Duk wata nakan rufe rumfa rana ɗaya in je. Ina duba musu inji ba na karɓar komai, ina leƙa ƙarƙashin katakon zama. Ɗaya daga cikin biyun ya koma cikawa bayan da shi ma mai ya yanke masa wata rana aka miƙa masa. Mai 'ya'ya bakwai ɗin har yau wani mako ya cika, wani mako ya bari. In na dawo Inna takan tambaye ni shi, in faɗa mata gaskiyar abin da na gani. Tana gaisawa da ni, tana cin abin da na kawo, ranar da na yi zazzaɓi ta zauna a kaina. Kalmar "na yafe maka" dai ba ta faɗe ta ba, ni kuma na daina roƙo, don kada in matsa mata ta faɗi abin da bai kai zuciyarta ba.